Aron Sunan Mace: Yadda Namiji Zai Rubuta Labarin Mata Bai Ci Amanarsu Ba

Shagona yana Agege, taku kaɗan daga layin dogo. Buga takardu nake yi, da fotokwafi, da cike wa yara fom ɗin jarrabawa. Da tafireta na fara, wata tsohuwa da mahaifina ya sayo mini a gwanjo, kafin kwamfuta ta zo ta tura ta ƙarƙashin tebur, inda take har yau ƙura ta lulluɓe ta. Wannan kowa a layinmu ya sani. Abin da ba su sani ba shi ne, in na dawo daga sallar isha'i na sakaya ƙofa, labari nake rubutawa, ina sakinsa kashi-kashi a WhatsApp, kuma da sunan mace. Shekara 6 ke nan. Sunan dai ba zan faɗa ba, masu shagon buga takardu a Agege kuwa ba ni kaɗai ba ne, sai ku yi ta canka.

Ɗan yayata ne ya jawo wannan rubutu. Yana taya wani mai sayar da waya tsaron shago a Ikeja, shi ma ya fara ɗan rubuce-rubuce. Ya gano asirina a wayata, bai tona ni ba, sai dai ya zo ya zauna a bencin kwastomomi ya ce, "Kawu, ni ma in na sa sunan mace za a fi karanta ni, ko?" Na ce masa za a fi karanta ka mana, na mako biyu. Sauran amsar ta fi ƙarfin zama ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta ta, shi da ire-irensa su samu.

Malamina a wannan harka wani Bature ne da ya mutu tun 1899. Wata ɗalibar jami'a ce ta kawo mini kundin kammala digirinta, wanda ta rubuta a kansa, in buga mata, shafi 80 da 'yan kai, rubutun hannunta kamar kaza ta yi tone. Kafin in gama bugawa na san Grant Allen kamar maƙwabcina, na kuma nemo littattafansa a intanet na karanta da kaina. An haife shi a 1848 kusa da Kingston ta ƙasar Kanada, ya yi karatu a Oxford, ya koyar a Jamaika na 'yan shekaru, ya dawo Ingila da burin ya ci abinci da rubutun kimiyya. Kimiyya ta ƙi riƙe masa gida, sai ya juya ga ƙagaggun labarai, yana zubo su kamar injin markaɗe, wasu da sunansa, wasu da sunayen aro irin su Cecil Power da J. Arbuthnot Wilson. A 1895 ya fitar da The Woman Who Did da sunansa na yanka, littafin da ya ta da ƙura a Ingila. Shekara biyu bayan haka, a 1897, sai ga wani littafi mai suna The Type-Writer Girl, na wata "Olive Pratt Rayner". Babu wata mace mai wannan suna. Allen ne. Ya sake amfani da sunan a Rosalba a 1899, shekarar da ya mutu. Duk abin da zan faɗa a nan daga jera waɗancan littattafai biyu na farko na koyo shi, sai kuma daga bakin yayata, uwar wannan yaro, wadda ba ta taɓa jin sunan Allen ba.

Fara da tambayar kanka dalili, kuma kada ka yi wa kanka ƙarya. A zamanin Sarauniya Bitoriya mata ne suka fi aron sunan maza. Mary Ann Evans ta zama George Eliot. 'Yan gidan Brontë su uku suka zama Currer da Ellis da Acton Bell. Olive Schreiner ta Afirka ta Kudu ta fitar da littafinta na 1883 da sunan Ralph Iron. Su ƙofa aka rufe musu, suka yi dabarar shiga. Kai kuwa babu wanda ya rufe maka ƙofa, saboda haka ka san abin da kake nema. A karatuna, Allen sunansa ne ya yi zafi: bayan rigimar 1895 duk wanda ya ga "Grant Allen" a bangon littafin mata ya riga ya yanke hukunci kafin ya buɗe. Ga kuma kasuwa, don a lokacin labaran "Sabuwar Mace", kalmar da rubutun Sarah Grand ya yayata a 1894, su ake rububi. Ni nawa dalilan biyu ne, kuma babu na alfahari a ciki: kasuwa da kunya. Mata ne suka fi karanta labaran Hausa a waya, sun kuma fi sakin jiki da 'yar'uwarsu. Sannan na san irin dariyar da za a yi mini a majalisarmu in aka ji magidanci mai 'ya'ya huɗu yana rubuta labarin zawarawa.

Waɗannan dalilai ana iya zama da su. Akwai wanda ba a zama da shi. In nufinka ka ɗauki ra'ayinka na namiji game da kishiya, ko aikin mace, ko biyayya, ka cusa a bakin mace don a ce "ga shi mace ma ta faɗa", to shaidar zur kake shiryawa. Fito da sunanka ka faɗa, a amsa maka.

Zaɓen sunan shi ne mafi sauƙi, kada ka ɓata dare a kansa. Allen ya yi wayo: suna uku ya jera, irin na matar aure da ta riƙe sunan gidansu, ya kuma sadaukar da littafin ga wani miji da wani ɗan'uwa waɗanda shi ya ƙage su. Kai ba sai ka je nan ba. Ɗauki suna gama-gari, ka bincika a Facebook ka tabbata ba na wata marubuciya ba ne, ba kuma na wata da ka taɓa nema ta ƙi ka ba. Kada ka maƙala masa Hajiya ko Malama ko Dakta, don waɗannan matsayi ne da ba ka da shi. Kada ka kira kanka maman wane. Hoto kuwa, fure ko alƙalami ya isa. Ɗaukar hoton 'yar mutane ka liƙa sata ce, ko da a bayan duniya take.

Inda ake faɗawa rami

Sunan ya tsaya a kan labari, kada ya bi ka cikin hira. Wannan shi ne abin da na koya da tsada.

Akwai wani ɗan Sikotilan, William Sharp, tsaran Allen, wanda daga 1894 ya riƙa fitar da littattafai da sunan Fiona Macleod. Shi bai tsaya a bangon littafi ba. Ya ce 'yar'uwarsa ce mai gudun mutane. Ana rubuto mata wasiƙu, shi yana tsara amsa, ƙanwarsa Mary tana kwafewa da rubutun hannunta don kada a gane nasa. Manyan marubuta irin su Yeats sun yi musayar wasiƙu da wannan mace da babu ita. Haka ya yi ta ɗaukar mutum biyu a jiki ɗaya har ya mutu a tsibirin Sisili a 1905, sannan aka bayyana gaskiya. Shekara 11 yana ciyar da ƙarya ɗaya, kullum tana ƙara ci.

Ni a shekarata ta biyu da fara wannan rubutu abin ya same ni. Wajen ƙarfe biyu na dare saƙo ya shigo: "Anti, don Allah ina son shawara, ba ni da wanda zan faɗa wa." Kafin in yi wani tunani ta zubo abin da ke tsakaninta da mijinta, irin maganar da mace ba ta yi sai da mace. Na amsa mata a matsayin Anti. Shawarar da na bayar ba mummuna ba ce, amma ban runtsa ba har aka kira assalatu. Da gari ya waye na je wurin yayata na faɗa mata komai, har da sunan aron, wanda a lokacin ba ta sani ba. Tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Wato hijabi ka sa ka shiga ɗakin matar mutane." Ban sami abin cewa ba.

Tun daga ranar ga yadda nake yi, kai ma ka yi haka tun ranar farko. Na rubuta a saman zauren WhatsApp ɗin da nake sakin labarin cewa mai wannan labari ba ta amsa saƙon sirri kuma ba ta ba da shawarar aure. Duk zauren da aka ce na mata zalla ne ba na shiga, ko an gayyace ni. Matata ce take riƙe da lambar da ake tura labarin, ita take ganin abin da ya shigo, in ta ga mai neman taimako na gaske ta yi mata magana da muryarta, da sunanta. Kuɗin littafi ina karɓa, don aikina na sayar. Amma gudummawar biki, ko ta haihuwa, ko ta "Anti ba ta da lafiya", ko sisi. Masu karatu suna da kirki, za su so su yi maka alheri, ranar da ka karɓa kuwa ka tashi daga marubuci ka koma ɗan damfara.

Keke biyu

Yanzu ga ainihin aikin. Kafin ka rubuta abin da ke zuciyar jarumarka, ka san abin da ke cikin jakarta.

Juliet Appleton, jarumar The Type-Writer Girl, ta buɗe labarinta ne da cewa shekararta 22 kuma ba ta da aiki. Mahaifinta ya rasu bai bar mata abin kirki ba. Ta yi karatu a Girton, kwalejin mata da aka kafa a 1869, a jami'ar Kambirij wadda ba ta fara ba mata cikakken digiri ba sai 1948. Wato ga ilimi, babu takardar da za a kai kasuwa. Abin da take da shi iya buga tafireta, da keken hawa, da wani ɗan kare da take kira Commissioner Lin. Ta sami aiki a ofishin lauyoyi a Landan, ta ga irin kallon da maza suke binta da shi, ta ajiye aikin. Ta hau kekenta ta nufi wata gona a yankin Sussex inda wasu masu aƙidar zama ba gwamnati ba shugaba suka tare, ta tarar mazan can ma maza ne, ta sake hawa keke. Daga baya ta sami aiki a wurin wani mai buga littattafai.

Abin da ya fi burge ni Allen bai san shi ba, don Hausa ce ta ba ni. Mu da kalma ɗaya muke kiran abin hawan da abin rubutun: keke da keken rubutu. 'Yancin Juliet kacokan a kan keke biyu yake tsaye. Ɗaya yana kawo mata kuɗi, ɗaya yana fitar da ita daga inda ba ta so ba tare da ta roƙi kowa kuɗin mota ba. Dukansu kuwa sababbin abubuwa ne a lokacin: tafiretar Remington ta shiga kasuwa a 1874, keke mai sarƙa irin wanda muka sani ya fito a 1885, tayar da ake hura wa iska ta biyo baya a 1888. A Turancin wancan zamani ma kalma ɗaya ake kiran injin da yarinyar da ke buga shi. Mu kuma muna da keke na uku, na ɗinki, wanda ya riƙe gidaje a Agege da Idi-Araba fiye da yadda maza suke yarda.

Labarina na farko na wata bazawara ce a nan Agege. Babi uku na yi tana zaune a bakin gado tana kuka, hawaye na bin kumatunta, ina ji a raina na iya. Na karanta wa yayata. Ita abinci take sayarwa, kafin gari ya waye ta isa Mile 12 sayen kayan miya, ta yi ciniki da Hausa, ta yi faɗa da kwandastan danfo da Yarbanci, ta sallami ɗan dako da buroka. Ta saurara har na gama, ta ce, "Wa ya biya kuɗin ɗakin da take kukan a ciki?"

Ban sani ba. Ni da na ƙirƙiri matar ban san inda take kwana ba.

Ranar ta zaunar da ni ta yi mini karatu. A Legas kuɗin haya na shekara ake nema a dunƙule, ga na ejan, ga na yarjejeniya. Masu gida da yawa ba sa son ba mace marar miji ɗaki, sai ta nemo wani ɗan'uwa ya tsaya mata a matsayin mai gida. In ta samu, gidan haya ne mai ɗakuna suna kallon juna, banɗaki ɗaya, kowa ya san ƙarfe nawa ta dawo da wanda ya rako ta. Ruwa saye ake yi jarka-jarka a wurin mai ruwa. In tana ɗinki, wa ya saya mata keken, kuma da aka sake ta an bar ta ta fito da shi? Tana zubin adashi? Kwasa ta nawa ce ita? Wa yake riƙe mata yara in ta tafi kasuwar Balogun saro yadi? Yayata ta ce mace mai waɗannan lissafai a ka tana kuka, amma a tsaye take yin sa, tana wanke-wanke.

To ka yi haka. Ɗauki takarda ka rubuta kuɗin shigar jarumarka na mako da na fitarta, ko da ba za ka sa ko ɗaya a labarin ba. Ka bi hanyar da take bi, ka hau motar da take hawa a lokacin da take hawa. Ka san abin da yake nata na kanta: sadakinta, gadonta, kayan ɗakinta, jarinta. A Ingila sai a 1882 doka ta ba matar aure cikakken ikon mallakar dukiyarta. Mu addini ya ba ta wannan tun fil azal, amma ka tambayi mata nawa ne sadakinsu ya kwana a hannunsu. Tsakanin abin da aka ba ta da abin da ya iso hannunta, nan labarinka yake.

Maganar murya gajeriya ce. A The Woman Who Did Allen ne yake ba da labari, yana tsaye a kan jarumar kamar mai wa'azi, kowane shafi sai ya gaya maka yadda take da tsarki da yadda duniya take da zalunci. A The Type-Writer Girl yarinyar ce take magana da bakinta, tana zolayar iyayen gidanta, tana zolayar kanta. Sunan aron ya tilasta masa yin shiru, da ya yi shiru kuwa sai ya fi iya rubutu. Kai ma ka bar ta ta ce "ni". Ka ba ta barkwanci, don ban taɓa zama kusa da taron mata na minti goma ban ji shewa ba. Ka kuma kiyayi madubi. Duk inda ka ga jaruma ta tsaya gaban madubi tana ƙare wa surarta kallo tun daga gashi har ƙafa, namiji ne ya rubuta, ko da sunan wa ke bango. Zanen aro ba ya rufe katara. Matata ta ce in ta kalli madubi abin da take dubawa shi ne ko ɗankwalin ya zauna.

Kada ka yanke wa mata abin da ake kira 'yanci

A nan Allen ya yi babban tuntuɓe, kuma da sunansa na gaskiya ya yi shi. Herminia Barton, jarumar The Woman Who Did, 'yar babban limamin coci ce, ita ma ta zauna a Girton. Ta ɗauki aure a matsayin bauta, don haka ta ƙi a ɗaura mata da Alan Merrick, lauyan da take so, ta zaɓi su zauna haka nan. Suka tafi Perugia a Italiya, taifot ya kashe shi kafin ta haihu, dukiyarsa ba ta zo hannunta ba. Ta reni 'yarta Dolores cikin wahala, tana fatan yarinyar za ta ɗauki tutarta. Yarinya ta girma ta ji kunyar asalinta, ta juya wa uwar baya. Herminia ta sha guba.

Littafin ya sayu ƙwarai, an yi ta sake buga shi. Amma matan da suke fafutukar a aikace ba su gode masa ba. Millicent Garrett Fawcett, jagorar masu neman a ba mata ƙuri'a, ta yi masa kaca-kaca a mujallar Contemporary Review a 1895. Hujjarta ita ce su ilimi da aiki da ƙuri'a suke nema, shi kuma ya zo ya ɗaura wa tafiyarsu yaƙi da aure, ya miƙa wa abokan gabansu sanda. A shekarar ma wasu mata biyu suka mayar masa da martani da littattafai, The Woman Who Didn't da The Woman Who Wouldn't. Abin dariyar, wannan mutum shi ne a 1889 ya rubuta maƙala yana cewa babban aikin yawancin mata shi ne aure da haihuwa. Ta ko'ina ka juya shi, shi ne dai yake gaya wa mata abin da ya dace da su.

Wannan cuta tana kama mu ta fuska biyu. Wani zai sa jarumarsa ta yi fatali da aure da iyaye da unguwa don a ce ya waye. Wani zai sa ta haƙura da duka da yunwa don a ce ya san tarbiyya. Dukansu ba su tambayi kowa ba. Na tambayi yayata mene ne 'yanci a wurinta. Ta ce ta sayi buhun shinkafa ba ta jira wani ya dawo ba, 'yarta ta gama makaranta kafin a kawo maganar miji, kuma in an kawo a tambaye ta. Na tambayi matata, ta faɗi wani abu dabam wanda ba zan rubuta a nan ba. Na tambayi ɗalibar da ta kawo mini kundin, ta ce a daina tambayarta yaushe za ta kawo miji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka tambayi mata biyar, ka sami amsa biyar, ka ba jarumarka ɗaya, ka ba ƙawarta wata, su yi gardama a cikin labarin kai kana gefe.

Saboda haka kada ka saki ko babi ɗaya sai mace ta karanta. Mace biyu ma, waɗanda ba sa jin nauyinka, kuma sun san kai ne. Wadda take ganin girmanka ba ta da amfani a nan.

Sai ƙarshen labari, inda hannun namiji ya fi saurin bayyana. Mun iya kashe mace. Ba a Ingila kaɗai ba, a nan Legas ma an yi. A 1929 zuwa 1930 jaridar Yarbanci ta Akede Eko ta riƙa buga wasiƙun wata mata mai suna Segilola, tana ba da labarin rayuwarta ta bariki daga kan gadon ciwon ajali, tana nadama, tana gargaɗin 'yan mata. Editan jaridar ne, Isaac B. Thomas, yake rubutawa, kuma yau ana lissafa shi a matsayin ƙagaggen littafi na farko a Yarbanci. Gwani ne, ya san titunan Legas, ya san yadda ake riƙe mai karatu mako-mako. Amma dubi abin da ya yi: ya ari bakin mace, ya ɗora ta a gadon mutuwa, sannan ya ba ta izinin magana. Allen ya ba Herminia guba. Mu kuma namu salon biyu ne, ko dai ciwo ya kama bazawarar ta dawo tana neman gafara, ko wani Alhaji ya sauko daga Abuja da mota ya share mata hawaye.

Juliet fa? Ta kamu da son mai gidan aikinta, wanda take kira Romeo, shi ma haka. Sai ta gano an riga an yi masa baiko da wata da ta sani. Har birnin Banis aka kai ruwa rana, ta bar wa waccan shi, ta dawo Landan. Labarin ya rufe tana buga tafireta a wani ofishin dabam. Ba ta mutu ba, ba ta yi arziki ba, ba a ɗaura mata aure ba, gobe da safe za ta tafi aiki. Mutumin da ya kashe jarumarsa da sunansa na yanka, da ya ari sunan mace sai ya bar ta da ranta. Kai ma in ka iso babin ƙarshe ka ji hannunka yana ƙaiƙayin hukunci ko lada, ajiye wayar ka je ka yi alwala. Ka dawo ka tambayi kanka abin da matar za ta yi ranar Litinin.

Abu na ƙarshe, ka shirya wa ranar da asiri zai tonu, don ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a zamanin da lambar asusun banki take fito da sunan mutum. Sharp ya bar saƙon da za a aika wa abokansa bayan ransa. Kai kada ka jira mutuwa ta yi maka wannan aiki. Mutum biyu aƙalla su sani tun yanzu. Kowane babi ka auna shi da wannan: in gobe aka ce ni ne, zan iya karanta shi da ƙarfi a tsakar gidanmu, innata tana zaune? Ni na yanke cewa in na gama labarin da nake kai yanzu zan faɗa wa masu karatuna da kaina. Wasu za su fice daga zauren, na sani, wasu za su zage ni, kuma wadda ta turo saƙon ƙarfe biyun dare tana da haƙƙin ta fi kowa fushi.

Babi biyu suka rage. Bazawarar tawa ta kwashi adashinta, ta kama ɗan shago kusa da Pen Cinema, keken ɗinkinta yana ciki. Jiya na tura wa yayata daftarin babin da ke biye, inda tsohon mijin ya zo biko da ledar tsire a hannu. Da asuba, tana cikin motar Mile 12, ta turo mini saƙon murya, hayaniyar kwandasta tana tashi a bayanta. Ta ce tsiren ya yi, haka suke zuwa. Amma in cire inda na sa matar ta tsaya tana dogon jawabi a bakin ƙofa, don ranar Alhamis ce, ɗinkin anko na Asabar yana jiranta, ba ta da wannan lokacin. Ta ce in sa ta karɓi tsiren ta ba yara, ta ce masa ya dawo bayan biki.